Yadda Ikilisiyar Baftis Take Neman Sabon Fasto Ta Kuma Kira Shi

Ranar da faston wata ikilisiyar Baftis ya miƙe gaban jama'a bayan sujada ya sanar cewa lokacin ritayarsa ya yi, ko kuma ya amsa kira zuwa wata ikilisiya, wanda bai san tsarin wannan ɗarika ba yakan tambaya ya ce, to wa za a turo muku? Amsar ita ce babu wanda za a turo. A ɗarikar Katolika bishop ne yake naɗa limamin da zai riƙe majami'a. A yawancin rassan Metodis bishop ko babban taron ɗarika ne yake rarraba wa fastoci wuraren aiki. A ɗarikar Firesbiteriya jama'a suna zaɓe, amma sai majalisar dattawan yanki ta amince kafin zaɓen ya tabbata. A wurin Baftis kuwa, mutanen da suke zaune a kan kujerun nan ranar Lahadi su ne za su nemo mutumin, su bincike shi, su yi addu'a a kansa, su jefa ƙuri'a, su biya shi albashi, kuma idan zaɓen ya ɓaci babu wani na sama da za su ɗora wa laifi. Wannan 'yanci ne babba, amma duk wanda ya taɓa zama cikin ikilisiyar da ta shekara ba ta da makiyayi ya san cewa kaya ne mai nauyi.

Kafin a fahimci matakan, dole a fahimci dalilin da ya sa aka bar wa jama'a wannan aiki. Baftis sun gaskata cewa ikilisiya taro ne na masu bi waɗanda suka furta bangaskiyarsu da bakinsu, aka yi musu baftisma, suka kuma ɗaura alkawarin tafiya tare a ƙarƙashin mulkin Almasihu. Tun da Almasihu ne shugaban kowace ikilisiya kai tsaye, kuma ya yi alkawari a Matiyu 18:20 cewa inda mutum biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana tsakiyarsu, to taron mambobi yana da ikon neman nufinsa ba tare da jiran umarni daga waje ba. Sukan kafa hujja da 1 Bitrus 2:9, inda aka kira dukan masu bi firistoci, da kuma Ayyukan Manzanni sura 6, inda manzanni ba su zaɓi mutum bakwai ɗin nan da kansu ba, sai suka ce wa taron almajirai su zaɓo daga cikinsu, daga baya su manzannin suka yi addu'a suka ɗora musu hannu.

Wannan fahimta ta girmi duk wata ƙungiyar Baftis da ake da ita a yau. Ikilisiyar Baftis ta farko ta tashi ne a birnin Amsterdam a shekarar 1609, a hannun John Smyth da Thomas Helwys, Turawan Ingila da suka gudu daga ƙasarsu saboda sun ƙi yarda sarki da bishop-bishop su riƙa naɗa musu shugabannin addini. A bayanin bangaskiyar da Helwys da mutanensa suka rubuta a 1611, sun faɗa a fili cewa masu riƙe muƙamin ikilisiya ana zaɓensu ne da yardar ikilisiyar da suke cikinta, tare da azumi da addu'a da ɗora hannu. Bayanin bangaskiya na Landan da aka amince da shi a 1689 ya maimaita maganar, ya ce hanyar kiran mutum zuwa aikin dattijo ko mai kula da ikilisiya ita ce a zaɓe shi da ƙuri'ar ikilisiyar kanta, sannan a keɓe shi da azumi da addu'a. Helwys ya koma Ingila ya kafa ikilisiya a Landan, ya rubuta wa Sarki James cewa sarki ba shi da iko a kan rayukan mutane, kuma a kurkuku ya ƙare rayuwarsa. Saboda haka ƙuri'ar da mamba yake jefawa a yau abu ne da wasu suka saya da wahala.

Kalmar da ake amfani da ita ma tana da muhimmanci. Baftis ba sa cewa sun ɗauki fasto aiki, cewa suke yi sun kira shi. A fahimtarsu kira iri biyu ne: akwai na ciki, wato tabbacin da mutum yake ji a zuciyarsa cewa Allah ya sa shi wannan hidima, akwai kuma na waje, wato shaidar da ikilisiya take bayarwa cewa ta ga baiwar da halin a jikinsa. Ɗaya ba ya tsayawa ba tare da ɗayan ba. Mutum zai iya rantsewa cewa Allah ya aiko shi wata ikilisiya, amma muddin taron mambobi bai ga haka ba, babu kira. Haka nan ikilisiya za ta iya jefa masa ƙuri'a gaba ɗayanta, shi kuwa ya ce bai sami salama a ransa ba, magana ta mutu ke nan. Duk matakan da za su biyo baya ƙoƙari ne na gano ko waɗannan shaidu biyu sun haɗu a kan mutum ɗaya.

Abu na farko da ikilisiya take yi bayan tafiyar fasto shi ne shirya yadda za ta rayu a tsakani. Dikinoni, wato mambobin da aka zaɓa su taimaka wa fasto a hidima, ko dattawa a ikilisiyoyin da suke da su, sukan ɗauki ragamar yau da kullum: wa zai yi wa'azi, wa zai ba da jibin Ubangiji, wa zai ziyarci marasa lafiya, wa zai binne matattu. A Birtaniya akan gayyato wani gogaggen fasto daga maƙwabciyar ikilisiya ya zama mai jagorantar tarurruka har a sami sabon makiyayi. A Amurka an fi kiran faston riƙo, wanda yawanci mai ritaya ne, kuma ikilisiyoyi da yawa suna sa masa sharaɗi tun farko cewa ba zai shiga cikin waɗanda za a duba ba. Sharaɗin yana da hikima, domin wanda yake hawa mumbari kowane mako ya riga ya sami magoya baya, kuma idan aka ƙi shi a ƙarshe, rabuwar kai ta samu tun kafin sabon fasto ya iso.

A wannan lokaci ne jaraba mafi girma take zuwa, wato gaggawa. Jama'a suna raguwa, baiko yana raguwa, dikinoni sun gaji, kowa yana tambaya yaushe za a kawo fasto. Amma sauri ya haifi nawa. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti kada ya yi hanzarin ɗora wa kowa hannu, kuma gargaɗin ya fi dacewa da ikilisiyar da ta rabu da fasto bayan shekaru masu yawa, ko wadda ta rabu da shi cikin rigima. Ta farkon tana cikin makoki ko da ba ta sani ba, kuma duk wanda ya zo za a auna shi da ma'aunin wanda ya tafi. Ta biyun kuma takan nemi kishiyar tsohon fasto ido rufe: idan mai tsanani ne a nemo mai sanyi, idan mai zurfin karatu ne a nemo mai barkwanci, ba tare da an tsaya an tambayi wane rabo ikilisiyar kanta take da shi a rigimar ba.

Daga nan sai taron mambobi ya zaɓi kwamitin neman fasto. Yawanci mutum biyar ne zuwa tara, kuma ana ƙoƙari ya ƙunshi maza da mata, dattawa da matasa, tsofaffin mambobi da waɗanda ba su daɗe da shigowa ba. Kwamitin ba shi da ikon kiran kowa. Aikinsa ya nema, ya tace, ya kawo wa ikilisiya suna. A ganina zaɓen wannan kwamiti ya kusan kai zaɓen faston kansa muhimmanci, domin jama'a ba za su taɓa ganin mutum goma ko ashirin da aka ajiye a gefe ba, wanda aka kawo musu kaɗai za su gani. Idan an cika kwamitin da masu kuɗi da masu ƙarfin murya, ko da wakilan ɓangarorin da kowannensu ya zo kare muradinsa, to an riga an karkatar da sakamakon. Abin da ake buƙata shi ne mutanen da aka sani da addu'a, da riƙon asiri, da iya sauraron wanda ya saɓa musu.

Kafin kwamiti ya kalli kowa, sai ikilisiya ta kalli kanta. Akan rubuta takardar bayanin ikilisiya, wadda take faɗin tarihinta, yawan mambobi da shekarunsu, abin da take gaskatawa, yadda take sujada, halin da asusunta yake ciki, irin mutanen da suke kewaye da ita, da abin da take fata a shekaru masu zuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma amfanin takardar yana ga faɗin wuraren yoyon. Ikilisiyar da ta rubuta cewa tana marmarin canji da jawo matasa, alhali ta kori fastoci biyu saboda sun taɓa tsarin waƙoƙi, ta yaudari wanda zai zo, kuma ita ce za ta sha wahalar yaudarar. Haka nan wajen bayyana irin faston da ake so, sau da yawa akan jera halayen da babu ɗan Adam guda da ya tara su: gwanin wa'azi, gwanin ziyara, gwanin tafiyar da ofis, matashi mai ƙarfi amma mai gogewar shekara talatin. Kwamiti mai hankali yakan tilasta wa ikilisiya ta zaɓi abu biyu ko uku da ta fi buƙata a wannan zamani nata.

Ina ake samun sunaye? A nan ne ake ganin cewa cin gashin kai ba ya nufin kaɗaici. Ikilisiyoyin Baftis suna haɗuwa cikin ƙungiyoyin yanki da na ƙasa bisa yardar kansu, kuma waɗannan ƙungiyoyi suna taimakawa ba tare da sun ba da umarni ba. Tarayyar Baftis ta Birtaniya ta tsara wannan taimako sosai. Tun 1916 ta sa manyan masu kula da yankuna, waɗanda daga baya aka maye gurbinsu da fastocin yanki, kuma tana riƙe da rajistar fastocin da aka tantance, tana taimaka wa ikilisiyar da take nema da faston da yake shirin tashi su sami juna. Duk da haka ikilisiya tana da 'yancin ƙin duk sunan da aka miƙo mata. A Babban Taron Baftis na Kudancin Amurka, wato wanda ya samo asali a jihohin kudu na ƙasar Amurka, wanda aka kafa a 1845, abin ya fi sakewa: ikilisiya takan ba da sanarwa, takardun neman shiga su yi ta zuwa, wasu daga masu nema, wasu daga abokan da suka ba da shawara. Makarantun tauhidi ma babbar hanya ce, tun daga kwalejin Bristol ta Ingila da asalinta ya koma 1679 har zuwa makarantar Ogbomosho da aka fara a 1898, domin malamai sun san ɗalibansu fiye da yadda takarda za ta nuna. Wani lokaci kuma mutumin yana cikin gida, mataimakin fasto ne ko wani mamba da baiwarsa ta bayyana, kuma haka Baftis na farko suka fi yi.

Ma'aunin da ake tace mutane da shi yana cikin 1 Timoti 3:1-7 da Titus 1:5-9, kuma wanda ya karanta wuraren nan da natsuwa zai lura da wani abu: kusan duk abin da aka lissafa hali ne. Marar abin zargi, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai faɗa ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙe gidansa, ba sabon tuba ba, mai kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba sa cikin ikilisiya. Gwaninta guda ce tak aka ambata, wato iya koyarwa. Amma hali ba ya fitowa a takarda, ba ya kuma fitowa a hira ta awa biyu. Shi ya sa kwamiti na ƙwarai ba ya tsayawa ga mutum uku da mai nema ya ba da sunayensu, tun da kowa zai ba da sunan masoyinsa ne. Yakan nemi izini ya tuntuɓi wasu da suka yi aiki a ƙarƙashinsa, da ma'ajin ikilisiyar da ya bari, da wanda ya taɓa saɓa masa, ya kuma tabbatar da takardun karatunsa da tarihinsa a gaban shari'a.

Wannan bincike ba rashin ƙauna ba ne, kuma tarihin baya-bayan nan ya nuna tsadar sakaci da shi. A 2019 jaridun Houston Chronicle da San Antonio Express-News sun wallafa binciken da ya gano shugabanni da masu hidima kusan 380 a ikilisiyoyin Baftis na Kudancin Amurka da aka zarga da cin zarafi ta hanyar lalata cikin shekara 20, waɗanda abin ya shafa kuma sun haura 700. Wasu daga cikin masu laifin sun bar wata ikilisiya a asirce sun sami kira a wata, domin ta farko ta yi shiru don gudun abin kunya, ta biyun kuma ba ta tambaya ba. A nan tsarin Baftis yake da rauninsa na gaske: inda babu bishop da yake riƙe da fayil ɗin kowa, mugu yana iya ɓuya a tsakanin ikilisiyoyi masu cin gashin kansu. Maganin abin yana hannun ikilisiyoyin, su faɗi gaskiya idan an tambaye su, su kuma yi tambaya ko da mutumin ya zo da shaidar manya.

Akwai wata tsohuwar al'ada da kwamitoci suke yi, ta zuwa ikilisiyar da mutumin yake hidima su saurare shi a cikin jama'arsa. Mutum biyu ko uku sukan shiga su zauna can baya kamar sauran baƙi. Suna jin wa'azin, amma idonsu yana kan wasu abubuwa: yadda ya yi da yaron da ya yi kuka ana tsakiyar karatu, ko ya san sunan tsohuwar da ta tsaya gaishe shi a bakin ƙofa, ko yana kallon fuskar mai yi masa magana ko kuwa idonsa yana neman wani mafi muhimmanci a bayansa, yadda matarsa da 'ya'yansa suke sakewa a kusa da shi. Yanzu da wa'azin kowa yake kan intanet, kwamitoci da yawa sun daina wannan tafiya, suna zama gaban kwamfuta su kalli bidiyo. Bidiyo yana da amfani wajen tacewar farko, amma zuwa da kai ya fi saƙo, kuma abin da ake nema a makiyayi mafi yawansa yana faruwa ne inda kyamara ba ta kallo. Dole kuma a yi wannan duka cikin sirri, domin idan labari ya fita cewa fasto yana duba wani wuri, sannan kiran bai tabbata ba, an ɓata masa zama da jama'arsa a banza.

Bayan hira da addu'a, kwamiti yakan tsaya a kan mutum ɗaya. Wannan ƙa'ida ta kawo mutum ɗaya a lokaci ɗaya tana ba wasu mambobi haushi, sukan ce me ya sa ba za a kawo uku mu zaɓa ba? Dalilin shi ne da zarar an jera mutum uku, an mayar da neman nufin Allah gasar iya magana, kowane ɗan takara ya sami ɓangarensa, wanda ya ci kuma ya fara aiki da jama'ar da wataƙila fiye da rabinta wani suka so. Tambayar da ake so ikilisiya ta amsa ita ce ko wannan mutum shi ne wanda Ubangiji yake ba mu, i ko a'a. Idan a'a ce, sai a sallame shi da mutunci, kwamiti ya koma ya sake nema.

Sai a gayyace shi wa'azin gwaji. Yawanci yakan zo da iyalinsa ya yi kwana biyu ko uku, ya gana da dikinoni da matasa da ƙungiyar mata, ya zauna gaban mambobi su yi masa tambayoyi, shi ma ya yi musu nasa, ranar Lahadi kuma ya jagoranci sujada. Wannan ne matakin da kowa yake gani, saboda haka shi ne aka fi ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Kowane mai wa'azi yana da huɗuba ɗaya ko biyu da ya goge su suka yi sheƙi, kuma akwai makiyaya nagari da ba sa burge kowa a ji na farko. William Carey misali ne. A 1785 ya yi wa'azi gaban ikilisiyar Olney ta Ingila domin ta amince da shi a matsayin mai hidima, jama'a ba su gamsu ba, suka ce ya ƙara jira. Sai a shekarar da ta biyo suka amince, aka naɗa shi a Moulton a 1787, a 1793 kuma ya tafi Indiya, inda ya zama ɗaya daga cikin mashahuran masu bishara da masu fassara Littafi Mai Tsarki a tarihi.

Magabata sun fi mu ba wannan mataki lokaci. Charles Spurgeon yana ɗan shekara 19 ya fara wa'azi a majami'ar New Park Street ta Landan a watan Disamba na 1853, a gaban 'yan mutane kaɗan cikin ginin da yake ɗaukar fiye da mutum 1,000. Ikilisiyar ta gayyace shi gwajin wata shida, shi kuwa ya nemi a mayar da shi wata uku domin kada a ɗaure kowa idan abin bai yi ba. A watan Afrilu na 1854 suka kira shi, ya zauna da wannan jama'a har mutuwarsa a 1892. Gwajin watanni yana nuna abin da Lahadi ɗaya ba za ta nuna ba, ko da yake a yau yana da wuya ga wanda yake riƙe da wata ikilisiya. Shekara 100 bayan haka, a watan Janairu na 1954, Martin Luther King ƙarami ya yi wa'azin gwaji a ikilisiyar Dexter Avenue da ke birnin Montgomery na Amurka yana ɗan shekara 25, ya karɓi kiransu a watan Afrilu. Babu wanda ya jefa masa ƙuri'a da sanin cewa a ƙarshen 1955 zai jagoranci ƙaurace wa motocin bas na birnin don adawa da wariyar launin fata. Ikilisiya tana zaɓe ne da ɗan hasken da take da shi, shi ya sa addu'a da azumi da tsofaffin bayanan bangaskiya suka ambata ba ado ba ne.

Kafin a kai ga ƙuri'a, wajibi ne a gama maganar sharuɗɗa a rubuce: albashi, wurin zama, hutu, kuɗin jinya da na ritaya, ranar hutun mako, abin da ake tsammani daga gare shi, da yadda za a rabu idan rabuwa ta zama dole. Wasu suna jin kunyar wannan magana, suna ganin kamar tana rage tsarkin kira, amma Bulus ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, kuma bayanin 1689 ya ɗora wa ikilisiya alhakin wadata fastonta domin kada ya shagala da neman abinci. Ya kamata kuma a faɗa a fili cewa mutum ɗaya aka kira, matarsa ba ma'aikaciyar kyauta ba ce.

Ranar ƙuri'a taro ne na musamman da aka sanar tun makonni kafin lokacin, kuma mambobi ne kaɗai suke da murya. Mutumin da ake magana a kansa ba ya nan. Shugaban kwamiti yakan tashi ya ba da labarin yadda aka kai ga wannan suna, a karanta sharuɗɗan, a buɗe fili ga tambayoyi. Wata uwa ta tambaya ko zai kula da yara, wani dattijo ya ce shi bai gamsu da amsar da aka ba shi a kan wata koyarwa ba, wani saurayi ya faɗi abin da wa'azin ya yi masa. Sai a yi addu'a, a raba 'yan ƙananan takardu, kowa ya rubuta i ko a'a ya ninke. Masu ƙirga su shiga ɗakin gefe, jama'a su ɗauki waƙa suna jira, kuma duk wanda ya taɓa zama a irin wannan taro ya san yadda baitocin suke yin tsawo. Kundin tsarin ikilisiyoyi da yawa ba ya yarda da rinjaye na rabi da ɗaya a wannan batu, yana neman kashi biyu cikin uku ko uku cikin huɗu. A ce mambobi 120 suka halarta, 90 suka ce i, 30 suka ce a'a. A takarda kira ya tabbata da kashi 75 cikin 100, amma faston da aka buga wa waya a daren nan aka faɗa masa adadin dole ya yi tunani, domin mutum ɗaya cikin kowane huɗu da zai kalla daga mumbari bai so zuwansa ba. Fastoci da yawa sukan ƙi kiran da bai wuce haka sosai ba, kuma wanda aka kira yana da hakkin a faɗa masa ainihin lissafin ba tare da an ƙawata shi ba.

Yadda ake yi da marasa rinjaye yana nuna ko ikilisiya ta fahimci abin da take yi. Sa'ad da ikilisiyar Carter Lane ta Landan ta kira John Rippon a 1773 bayan mutuwar John Gill, wanda ya yi musu hidima shekara 51, wasu mambobi sun ƙi shi saboda ƙuruciyarsa, suka fita suka kafa tasu ikilisiyar. Rippon bai riƙe su da gaba ba, kuma ya zauna a wurin shekara 63. Wannan ikilisiya ce daga baya ta koma New Park Street ta kira Spurgeon. Ba kowace ƙuri'ar a'a ce tawaye ba. Wani lokaci mai ita ya hango abin da sauran ba su gani ba, wani lokaci kuma tsoro ne kawai da zai wuce, kuma babu hanyar bambancewa sai an saurare shi kafin a jefa ƙuri'a.

'Yancin ikilisiya na kiran wanda ta ga dama yana da iyaka ɗaya, wato 'yancin sauran ikilisiyoyi na yanke zumunci da ita. Batun kiran mace ya fito da wannan fili. Baftis na Birtaniya sun sami mace mai riƙe da ikilisiya, Edith Gates, tun 1918. Baftis na Kudancin Amurka kuwa sun rubuta a bayanin bangaskiyarsu na 2000 cewa muƙamin fasto na maza ne kaɗai, kuma a 2023 babban taronsu ya tabbatar da fitar da ikilisiyar Saddleback daga cikinsu saboda wannan batu. Taron bai iya tsige kowa daga mumbari ba, bai kuma iya taɓa ginin ba, abin da ya iya kawai shi ne ya ce ba ma tafiya tare. Saboda haka kwamiti yana buƙatar sanin matsayin ikilisiyarsa da na ƙungiyar da take ciki tun kafin ya fara karɓar sunaye.

Idan mutumin ya amsa kiran a rubuce, sai ya sanar da jama'ar da zai bari, ya ba su wa'adin da ya dace. Idan bai taɓa riƙe ikilisiya ba, akan yi masa naɗi, inda fastoci da wakilan ikilisiyoyin maƙwabta suke bincika bangaskiyarsa da kiransa, sannan a ɗora masa hannu. Naɗi sau ɗaya ake yinsa a rayuwa, amma sujadar ƙaddamarwa ana yinta duk lokacin da fasto ya shiga sabuwar ikilisiya. A wannan sujada sakataren ikilisiya yakan ba da labarin yadda aka yi nema, sabon faston ya ba da nasa labarin yadda ya ji kiran, sannan mai jagora ya tambaye shi ko zai yi kiwon wannan garke da aminci, ya yi wa'azin Maganar Allah, ya riƙe asirin mutane. Bayan ya amsa, sai a juya ga jama'a a ce su miƙe tsaye, a tambaye su ko sun karɓe shi, ko za su yi masa addu'a, su tallafe shi, su yi aiki tare da shi. Mutum 90 da suka rubuta i sukan miƙe, mutum 30 da suka rubuta a'a su ma sukan miƙe tare da su, su amsa da murya ɗaya, daga nan kuma a sallami kwamitin nema domin aikinsa ya ƙare.